Haruffa Bakwai

Ranar Litinin da hantsi aka raba Halimatu Sa'adiya da 'yarta, kuma ba da kokawa aka yi ba. Ƙanwar mijinta Nimatou ce ta leƙo ɗan ofishin makarantar tana murmushi, ta ce, "Kawo Ummi in riƙe miki, ki samu ki yi aikinki a tsanake." Sa'adiya ta kwance goyo ta miƙa mata. Wa zai hana ƙanwar miji ɗaukar 'yar wanta? Yarinyar watanta bakwai, kuma ban da nono ba ta taɓa sa komai a bakinta ba.

Aikin da ake magana kuwa buɗe kwamfuta ne. Gidan nasu bene ne a Zongon Kwatano, sama mutanen gida, ƙasa makarantar da marigayi maigidan ya bari, rabi Faransanci rabi Arabiyya. Babban ɗa, Kassoum, shi ne direkta. Ƙanensa Saminu, mijin Sa'adiya, direban tirela ne, kuma a lokacin yana can hanyar arewa. Da yake ita ta yi karatun kwamfuta a Zariya kafin a kawo ta, sai aka ɗora mata rajistar ɗalibai, ba sannu ba na gode. Wata biyu ta yi tana shigar da yara ɗari uku da 'yan kai cikin tsohuwar kwamfutar da ta zo da ita daga gida: suna, ranar haihuwa, lambar takardar haihuwa, maki. Da ta lura ana shiga bayan idonta ana rage wa wannan shekaru, ana ƙara wa wancan maki, sai ta gaya wa mijinta. Ya ce ta kulle. Ta sa wa rajistar kalmar sirri, abin da mutanen Kwatano ke ce wa kod.

Wata huɗu kod yana buɗewa lafiya lau. Ranar Litinin ɗin nan ya ƙi. Ga shi ran Juma'a ne za a rufe karɓar sunayen yara arba'in da uku da za su zauna jarrabawar gama firamare, kuma bayanansu duka suna ciki.

Ta buga sau ɗaya, ya ƙi. Ta goge tafinta a zane ta sake, a hankali, tana kallon kowane harafi kafin ta danna. Ɗigo bakwai baƙaƙe suka jeru a akwatin, don haka abin yake, ba ya nuna haruffa. Ya sake ƙi. Kassoum yana tsaye a kanta, har tana jin ƙamshin turarensa da hucin numfashinsa a ƙeyarta.

"Kin canza," in ji shi.

"Wallahi Yaya ban canza ba."

"To mashin ɗin ne ya canza da kansa? Dā ma na faɗa, tun ran da kika sa kod a kayan ubanmu na san akwai abin da kike nema."

Ya hau sama ya sauko da uwarsu. Hajiya babbar mace ce, ba ta ɗaga murya, kuma duk gidan an fi tsoron wannan sanyin murya nata a kan ihun Kassoum. Ta zauna a kujerar baƙi ta gyara mayafi, ta ce, "Faɗa masa kod ɗin ya buga da hannunsa."

A nan Sa'adiya ta sunkuyar da kai, bakinta ya mutu. Kod ɗin sunan 'yarta ne na yanka. Ita kuwa yarinyar sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa ake kiranta Ummi. Ga sunan 'yar fari, ga sunan suruka, kunya biyu a kan kalma ɗaya. Tun da aka haifi Sa'adiya ba ta taɓa ganin macen da ta dubi uwar mijinta ta kira sunanta gatsau ba. Dā ma abin da ya sa ta zaɓi sunan ke nan, don shi ne kalmar da bakinta ba zai taɓa furtawa da kuskure ba.

"Kin gani ko, Hajiya?" in ji Kassoum. "Ta yi shiru."

Sa'adiya ta jawo takarda, ta rubuta Zuwaira, ta tura masa. Ya duba, ya dubi uwarsa, ya yi gyaran murya. "Sunanki ne ta rubuta."

Hajiya ta daɗe tana kallonta. "Sunana kika mayar kwaɗon ƙofa?"

"Na Ummi ne, Hajiya."

"Ita Ummin sunan wa ta ci?"

Kassoum ya ture Sa'adiya daga kujerar, ya zauna, ya buga da yatsa ɗaya yana lalubo haruffan. Ya ƙi. Ya juyo yana dariyar da ba ta da daɗi. "Ƙarya ce ta rubuta. Ta haɗa mana raini da ƙarya a takarda ɗaya."

Kafin azahar nono ya cika mata, har ya fara jiƙa rigarta. Ta nemi izini ta hau sama ta shayar. Ta duba ɗakinta, ta duba ɗakin Hajiya, ta duba bayan gida wajen shanya. Ba Ummi, ba Nimatou, ba jakar kayan yarinyar da ke rataye a bayan ƙofa. Ta sauko da gudu ba takalmi.

"Nimatou ta wuce da ita gidanta a Vêdoko," in ji Hajiya, tana jan carbi. "Goyo yana raba miki hankali. Ran da kod ya buɗe, yarinya ta dawo."

Sa'adiya ta durƙusa a kan simintin. Ba ta san sanda ta kama ƙafar tsohuwar ba. "Hajiya don girman Allah. Ba ta cin komai. Ba ta taɓa kwana ba ni ba."

"Cikani. Wani abu aka yi miki? Dukanki aka yi? Jikata ce, takwarata ce, gidan gwaggonta ta je. Ni na haifi tara, ba ke za ki koya mini reno ba."

Ta kira mijinta da la'asar. Ƙarar inji ta cika wayar, yana magana yana ihu. Ta gaya masa komai tana shessheƙa. Ya ce, "Sa'a, ki ba su kod ɗin mana a huta."

"Baban Ummi, na ba su. Shi ne dai wanda ka sani."

"To ki sake tunani. Ƙila kin canza kin manta. Ni yanzu me kike so in yi, in bar motar mutane a hanya? Uwata ce. Ki yi haƙuri, ba cinye yarinyar za su yi ba."

Wannan kalma ta haƙuri, ban san kalmar da aka fi zaluntar mata da ita ba. Shi ya ce ta kulle rajistar, amma da abu ya ɓaci bai iya buɗe baki ya ce wa wansa ni na sa ta ba.

Talata ta wuni a gaban kwamfutar. Ta gwada da babban baƙi, ta gwada da ƙanana. Ta gwada Zuwairatu. Ta gwada yadda aka rubuta a takardar haihuwar yarinyar da salon Faransanci. Kowane ɗaya ya ƙi. Kassoum yana shiga yana fita, in zai tafi aji sai ya zare igiyar wutar ya tafi da ita, wai kada ta goge wani abu a bayansa. Da hantsi ya karɓe mata waya, ya ce kiran Najeriya ne yake ƙara mata taurin kai.

Abin da ya fi ba ta tsoro a ranar ba Kassoum ba ne. Kanta ne. Ta fara tambayar kanta ko da gaske ta canza. Ko ran da ta kai Ummi allurar rigakafi, Asabar ɗin da ta wuce, ta dawo da gajiya ta taɓa wani abu? Amma ai ranar ko ofishin ba ta shiga ba. To ko ta shiga ta manta? Ta taɓa jin ana cewa wasu mata hankalinsu yana taɓuwa bayan haihuwa. Ta riƙa kallon yatsunta kamar na wata.

"Yara arba'in da uku," Kassoum yake ce mata duk sanda ya wuce. "Iyayensu sun sha wahala shekara shida. Ke 'yarki ɗaya kike wa kuka. Ki auna ki gani wa ke zaluntar wani."

Laraba da sassafe, sanda ɗalibai ke tururuwar shigowa, ta zura hijabi ta bi ta tsakaninsu ta fice. Ta tare ɗan zem, mai babur ɗin haya, ta ce masa Vêdoko. Ya tambaye ta wani abu da Faransanci, ya sake da yaren Fon, ita ba ta jin ko ɗaya. Shekararta biyu a garin, amma daga gida sai asibiti sai kasuwar Missèbo in Hajiya ta aike ta sayen yadi, kuma duk wuraren nan da Hausa ake gamawa. Ya sauke ta a babban shatale-tale ya yi gaba.

Sau ɗaya ta taɓa zuwa gidan Nimatou, a mota, ana ruwa. Abin da ta tuna kawai ƙofa ce shuɗiya da shagon mai ɗinki a gefe. Ashe rabin ƙofofin unguwar shuɗaye ne. Ta bi layi ta fita, ta shiga wani, yashi yana cika mata silifa. Duk inda ta ji kukan jariri sai ta tsaya ta kasa kunne a jikin katanga, nono ya tsatso mata har ciki. A wani gida ta kasa daurewa ta tura ƙofa, ta tarar da wata mata tana wa ɗanta wanka a roba. Matar ta miƙe tana faɗa da yaren da ba ta ji, ta ɗauki muciya. Sa'adiya ta ja da baya tana ba da haƙuri da hannu biyu. Sai a lokacin ta gane kamar me ta yi kama: mace a birkice, riga jiƙe, tana leƙen 'ya'yan mutane.

Bayan azahar ta dawo Zongo da ƙafa, jikinta ya ɗauki zafi. Ta tarar da matan maƙwabta uku a falon Hajiya, an riga an ba su labari. Ta yi zaton ko ɗaya za ta ce a duba lamarin yarinyar. Babbarsu, wadda ta yi mata wankan jego da hannunta, ta ce, "Sa'adiya, ba a haka. Matar aure da fita ba izini? Ki ba su abinsu ki karɓi 'yarki, magana ta ƙare." Da ta buɗe baki za ta yi bayani, matar ta ɗaga hannu. "Mu harkar cikin gida ba ma shiga."

Ba sa shiga, amma sun sha lemo sun ci cincin, sun tafi da labari.

Daga ranar aka ce ofis ne wurin zamanta. Aka shimfiɗa mata tabarma a gefen tebur, Kassoum yana kullewa ta waje, ana buɗe mata lokacin alwala. Nonon ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, hagun ya yi ja, ko rigar ta taɓa sai ta cije leɓe. Tana tatsa a kofin shayin Kassoum tana zubarwa ta taga, tana kuka, don ta san can wani wuri yarinyar tana neman abin da take zubarwa a ƙasa. Zazzaɓi yana kaɗa ta har haƙoranta na haɗuwa. Hajiya ta aiko mata da ƙwaya biyu da kunu, ta ce a gaya mata ita ba muguwa ba ce.

Alhamis da hantsi ta ji wayar Hajiya ta yi ƙara a matattakalar bene, daidai bayan bangon ofis. Tsohuwar ba ta ji sosai, kullum a bayyane take sa waya. Muryar Nimatou ta fito tar.

"Inna, yarinyar nan fa tun jiya take zawo. Na ba ta koko ta ƙi, na dama madarar gwangwani ta sha ta amayar. Yau ko kukan ba ta yi sosai."

"Haƙori ne."

"Inna ni dai tsoro nake ji. In kawo ta?"

"Ki kawo ta yanzu, wahalar kwana uku ta tashi a banza? Gobe ne Juma'a. Uwar ta kusa saukowa. Jiƙa mata sassaken nan da na ba ki."

Sa'adiya ta yi kan ƙofa tana dukanta da tafi biyu. Ta kira Hajiya, ta kira Yaya, ta rantse da duk abin da ta sani. A ajin da ke kusa yara suna biya karatu da ƙarfi, muryarsu ta danne tata. Kassoum ya buɗe ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki rufa mana asiri, akwai iyayen yara a waje."

"Yaya ba ta kuka. Ka ji ta ce ba ta kuka. Ka bar ni in je in ba ta nono in dawo, ka haɗa ni da wanda kake so. Wallahi zan dawo."

"Maganin abin yana hannunki," in ji shi. Ya jona igiyar wutar, ya kunna kwamfutar. "Yau ba zan zare ba. Ki zauna da ita har Allah ya sa ki tuna." Ya ja ƙofa ya murɗa makulli.

Karo na farko ke nan tun Litinin da aka bar ta ita kaɗai da kwamfutar a kunne. Ba ta ko kalli rajistar ba, ta riga ta fid da rai. Tunaninta ya tafi ga babanta a Zariya. Akwai wani ɗan kasuwar Missèbo, mutumin garinsu, da ke zuwa ɗaukar 'yarsa bayan la'asar. In ta rubuta wasiƙa ta fitar a takarda, ta jefa masa ta taga, ƙila ya kira gida. Ta buɗe farin shafi, ta sa yatsu, ta rubuta Assalamu.

Abin da ya fito shi ne: Qssqlq,u.

Ta goge idonta, ta ɗauka zazzaɓi ne. Ta share ta sake. Haka dai. Ta danna harafin A shi kaɗai, Q ya fito. Ta danna Z, W ya fito.  A hankali ta buga haruffa bakwai ɗin da ta kwana uku tana bugawa, wannan karon a inda ido ke gani.

Wuzqirq.

Abin da suke ta aika wa rajistar ke nan tun Litinin, ita da Kassoum, a bayan baƙaƙen ɗigon nan. Ta duba can ƙasan allon, kusa da agogo, inda wasu ƙananan haruffa uku ke nuna harshen madannai. Na Ingilishi ta sani a wurin tun Zariya. Yanzu na Faransanci ne. Madannan Faransa ba a jere suke da na Ingilishi ba, an yi musayar wurin wasu haruffa. Wani wanda hannunsa ya saba da na Faransa ya zauna a kan kwamfutar nan, ya juya ta yadda zai ji daɗin bugawa, ya tashi bai mayar ba. Rubutun da ke jikin madannan bai canza ba, abin da suke fitarwa ne ya canza.

Ta mayar da shi yadda yake. Ta buɗe rajista, ta buga sunan. Sunayen yara ɗari uku suka zubo a allon.

Ba ta yi murna ba, jikinta ne kawai ya saki. Ta zame ƙasa, kuma daga nan ƙasan ne idonta ya kai bayan akwatin kwamfutar. Wata 'yar takarda ce manne, sabuwa fil, irin wadda masu gyara ke liƙawa: sunan wani shago a unguwar Jonquet, da kwanan watan Asabar ɗin da ta kai Ummi rigakafi.

Da Kassoum ya buɗe ƙofa ya ga allon, sai ya ce alhamdulillahi ya ƙwala wa uwarsa kira. Sa'adiya ta nuna masa farin shafin da baƙin rubutun, ta nuna masa 'yar takardar. Muryarta a dishe ta ce, "Yaya, ran Asabar an fita da ita."

Fuskarsa ta canza, na ɗan lokaci kaɗan. Ashe ya kai kwamfutar ne a ɓoye a cire masa kod ɗin, mai gyara ya yi iya yinsa ya kasa, ya dawo da ita ya ajiye kamar ba a taɓa ba. Kwana huɗu yana kallon matar ƙanensa tana birgima a ƙasa, yana sane da cewa an taɓa kwamfutar, bai ce uffan ba. Ya sa farce ya kankare takardar, ya murje ta a tafinsa.

"Ƙura aka share mata. Me ya haɗa wannan da wancan? Kayan ubana ne, sai na nemi izininki?"

Hajiya ta iso tana haki. Sa'adiya ta fara yi mata bayanin haruffan, tsohuwar ta katse ta. "Ni ban san boko ba. Abin da na sani, jiya a rufe, yau a buɗe. Da ba a matsa miki ba, da yanzu muna nan." Ta juya ga ɗanta. "Ka gani ko? Na gaya maka kafin Juma'a za ta tuna."

"Hajiya a kawo ta yanzu. Don Allah."

"A gama fitar da takardun tukuna," in ji Kassoum. "Kada a kawo ta wani abu ya sake ɓacewa."

Haka ta zauna da zazzaɓi tana fitar da takardun yara arba'in da uku, ɗaya bayan ɗaya, injin bugawa yana cin takarda tana zarowa. Da ta gama ya sa ta cire kod ɗin gaba ɗaya a gabansa. Ta cire. Da a lokacin ya ce ta goge rajistar duka, da ta goge. Sannan aka ce magariba ta yi, ba a yawo da jariri, a bari sai da safe.

Juma'a da hantsi, bayan Kassoum ya tafi kai takardunsa da sabuwar shadda, Nimatou ta sauka daga zem da yarinyar a kafaɗa. Ba ta yarda sun haɗa ido ba. Sa'adiya ta karɓa, sai ta ji hannunta ya tafi sama, don nauyin da ta shirya ɗauka ba shi ne ta ɗauka ba. Idon Ummi ya faɗa, maɗigarta ta lotsa, leɓenta ya bushe ya tsage. Ta buɗe ido ta kalli uwarta, ba ta yi kuka ba, ba ta miƙo hannu ba.

Ta zauna nan bakin matattakala ta ɗaga riga. Hajiya ta ce, "Kul. Nonon da ya kwana huɗu a jiki ya lalace, kashe ta za ki yi?" Sa'adiya ba ta ko ɗago ba, ta sa mata a baki. Yarinyar ta kama, ta ja sau biyu, ta saki. Ba ta da ƙarfin tsotsa.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta goya ta, ta fita da gudu, kuma wannan karon ba wanda ya tare ta.

A ɗan asibitin unguwa aka daɗe ana neman jijiya, daga ƙarshe a kai aka samu aka sa ruwa. Ma'aikaciyar jinyar tana aiki tana faɗa da Faransanci, wata mai jiran layi tana fassara wa Sa'adiya. "Ta ce tun yaushe take zawo? Ta ce ina kike har ta kai haka? Ta ce ku matan Zongo sai yaro ya kusa mutuwa kuke kawo shi. Ta ce wace irin uwa ce ke?"

Nimatou tana tsaye a gefe, tana jin Faransancin sarai, tana kallon silin. Sa'adiya ta dubi 'yarta. Ta ina za ta fara? Ta ce an karɓe mata 'ya saboda harafin A ya koma Q? Ta sunkuyar da kai ta karɓi faɗan.

Kwana uku suka yi, Ummi ta rayu. Saminu ya dawo ran da aka sallame su, da buhun albasa da doya. Ya ji labari daga bakin uwarsa tukuna, sannan ya shigo ɗaki ya ce, "Tunda Allah ya kiyaye, a bar maganar. Kowa ya yi kuskure." Ban san kuskuren da ita ta yi ba, kuma shi ma bai faɗa ba. Yara arba'in da uku sun zauna jarrabawarsu. Iyaye suna ta yi wa direkta godiya. Rajista tana nan a buɗe, mai rage shekaru yana ragewa. A unguwa kuwa labarin da ya zauna shi ne 'yar Najeriyar gidan Hajiya ta kulle musu makaranta don baƙin hali, sai da aka nuna mata iyakarta. Ba wanda ya daki kowa, ba wanda ya zagi kowa, saboda haka a wurinsu ba a yi komai ba.

Bayan mako guda Sa'adiya ta tuna da jakar kayan yarinyar, da katin rigakafinta a ciki. Ta sami Hajiya a falo tare da Nimatou, ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ko za a taimaka a kawo mata.

Nimatou ta ce, "Af, na manta. Gobe in sha Allahu."

"Kawo mata katin kawai," in ji Hajiya, ba ta ko daina jan carbinta ba. "Kayan ki bar su can wurinki. Wa ya san ran da za a sake buƙata?"

Sa'adiya ta ce to. Ta tashi a hankali, ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar Ummi, ta ƙara tamke zanen goyon. Tun daga ranar ba ta sake sauke yarinyar a gidan nan ba. Da ita take girki, da ita take wanka, da ita a baya take sallah. In wani ya miƙo hannu ya ce kawo ta in riƙe miki, sai ta ja da baya har sai ta ji bango.